Salamata Mai Ƙarafa Da Kekuna Goma Sha Biyu

Kwanan nan rediyo ta cika wa mutane kunne da labarin wata sabuwar masana'antar mota mai lantarki a ƙasar waje. Wai kayan haɗawa sun ƙi isowa a kan lokaci, wai suna son fitar da ɗaruruwa a mako amma abu ya faskara. Maza a tashar Sokodé sai kaɗa kai suke yi, suna cewa irin wannan aiki sai Turawa. To, su huta da kaɗa kai. A bayan tashar nan da suke zaune, a shekarar dogon yajin aiki, an haɗa kekuna masu batir goma sha biyu cikin mako biyar, kuma mace ce ta tsaya a kai. Sunanta Salamata. Ko allo ba a kafa da sunanta ba, kuma abin kunya ne.

A zongon Dapaong aka haife ta, ubanta mai facin taya ne. Aure ya kawo ta Sokodé. Mijinta direba ne, ya rasu a hawan dutsen Alédjo, ya bar mata 'ya'ya uku da motar da ta kashe shi. Dangin miji suka ce a ba masu awon ƙarfe ita gaba ɗaya a huta. Salamata ta ce a'a. Da ta fita takaba ta ari sifana, ta zauna a ƙofar gida tana kwance motar ƙusa bayan ƙusa, tana tambayar duk makanikin da ya wuce sunan abin da ke hannunta. Kafin motar ta ƙare ta iya sana'a. Ta kafa rumfa a bayan tasha, aka riƙa ce mata Salamata mai ƙarafa, masu girmama ta kuma su ce Maman Nourou.

Ba ta yi lakwal ba, wato makarantar boko, ba ta iya karanta lambar da ke jikin kaya ba. Amma miƙa mata dinamo, wato ƙarfen nan da ke ba mota wuta, sai ta kai shi hanci. In ya taɓa ƙonewa a ciki za ta ji, ko an wanke shi da fetur sau goma. Matan unguwa kan yi mata dariya a gidan biki, wai lalle ba ya kama hannunta don baƙin mai ya riga shi. Su ɗin dai, in injin markaɗen mazajensu ya tsaya, wurinta ake zuwa.

Kusa da rumfarta akwai garajin Mahama, mai gyaran wutar mota, mutum mai sanyin hali da jinkirin magana. Shi ya lura cewa dinamo, in ka ba shi wuta daga batir maimakon ka karɓa daga gare shi, juyawa yake yi da kansa. Ya ɗaura shi a keken guragu da sarƙa, keken ya tafi ba tare da an murɗa da hannu ba. A wata biyu yakan haɗa ɗaya. Kuma yana da wata al'ada da ba ya tsallakewa: keke ba ya barin garajinsa sai ya hau shi da kansa, ya naɗe ƙafafunsa a ƙarƙashinsa kamar ba shi da su, ya tuƙa har gindin mangwaron bakin rijiya, ya dawo. Ana yi masa dariya, bai damu ba.

Sai ƙasa ta rikice. Ana ta rigima a kan mulki da zaɓe, ofisoshi a kulle wata da watanni, kaya sun daina tahowa daga Lomé, hanya kuma shinge bayan shinge. Mutanen arewa da ke zaune a Lomé suka yi ta gudowa gida da abin da suka iya ɗauka.

Ana cikin haka, a lokacin mangwaro, saƙo ya iso wa Salamata daga ƙanwarta Rahinatou. Ita Rahinatou shan inna ya ɗauke mata ƙafafu tun tana shekara huɗu. Shekara goma sha tara tana sayar da zare da maɓalli da allura a rumfa ɗaya a kasuwar Dapaong, kullum da keken murɗawa take zuwa. Yanzu kafaɗarta ta dama ta ƙi, likita ya ce in ta ƙara murɗa keke hannun ma zai tafi. Layin da take kuwa yana da ƙa'ida: rumfar da ta yi kwana arba'in a rufe, sai a ba wata. Da can ba wanda ke tuna ƙa'idar. Amma yanzu matan da suka gudo daga Lomé suna zuwa ƙofar Magajiya Zénabou, shugabar matan layin, da goyo da kuka, suna neman inda za su kasa kaya. Maƙwabta sun ɗauki Rahinatou rana ɗaya sun kai ta, Magajiya ta ce wannan ba zuwa ba ne. In za ta iya zuwa da kanta kullum, rumfa tata ce. In kuwa sai an ɗauko ta an ajiye kamar buhun gero, to ta yi haƙuri. Ranar arba'in, in aka kira sallar azahar ba ta zo ba, za a ba wata.

Kwana biyar sun riga sun tafi kafin saƙon ya iso.

Salamata ba ta ko wanke hannu ba ta shiga garajin Mahama.

"Keke nake so, na Rahinatou. Mako biyar."

Mahama ya ɗago kai a hankali. "Ɗaya dai, in na matsa, zai yiwu. Wa zai kai shi?"

Tambayar nan ita ce ta jawo komai. Keken yana da nauyi, ƙananan motoci sun ƙi ɗauka, man fetur kuma ya zama abin nema da fitila. Mai kamiyo, wato babbar motar kaya, ɗaya ne ya yarda ya yi arewa, sunansa Garuba, shi ma ya ce ba zai ƙona mansa a kan keke ɗaya ba, sai mota ta cika. Rahinatou tana cikin wata ƙungiyar guragu 'yan kasuwa, su goma sha biyu ne, kuma sun daɗe suna son irin keken. Suka aiko cewa in za a yi duka, su za su ɗauki nauyin mota, su kuma tanadi batura daga Cinkassé su jira.

"Goma sha biyu?" in ji Mahama. "Maman Nourou, aikin shekara biyu kike faɗa. Da me ma zan haɗa? Dinamo ɗaya gare ni."

"Kai dai ka haɗa. Nemo kaya aikina ne."

Ta fara da gari. Wani masauki ya rufe don babu baƙi, ta kwaso gadajen ƙarfensa, Awudu mai walda ya yanka su ya yi ƙirar kekunan. Tayoyi daga matattun mobilet, ƙananan baburan nan, sarƙa daga masu gyaran keke, wurin zama kuma wani tela ya ɗinka da tsohuwar tamfol. Ma'aikatan da yajin aiki ya zaunar suna ƙarƙashin bishiya suna dara, ta je ta tsaya a kansu.

"Ku da kuka yi karatu, hannuwanku sun karye ne?"

Washegari sai ga mai sayar da tambur, wato kan sarkin wasiƙa, a gidan waya yana goge tagulla da takardar yashi, ga malaman makaranta biyu suna ɗaura tayoyi. Ta jera su a rumfa, kowa da abu ɗaya da yake yi, ya gama ya tura wa na gaba. Mahama bai so tsarin ba ko kaɗan. Ya saba keke ɗaya ya tashi a hannunsa tun daga farko har ƙarshe.

"Yanzu ban san kowanne ba," in ji shi. "Duk kamarsu ɗaya."

"Ba aurensu za ka yi ba. Ɗaura waya."

Dinamo ne ya zama ciwon kai. Motocin zamani sun daina amfani da irinsa, sai a tsofaffi. Ta tsefe Sokodé ta samu biyu, ta je Adjengré ta samu ɗaya. Daga nan ta ɗaura zani ta yi arewa, yau a bayan kamiyon doya, gobe a kan buhunan gawayi. A Dapaong ta leƙa ƙanwarta, ta same ta a tsakar gida hannu a rataye, tana jera maɓallai a faranti don kada hannun hagu ya manta aiki.

"Yaya, kin rame."

"Ke kuma kin yi ƙiba, zaman banza ya karɓe ki. Zan ce wa Mahama ya ƙara faɗin kujera."

Ta samo uku a wurin masu fasa motoci, aka zama bakwai da na Mahama. Saura biyar. Ta koma Sokodé ta sauke, ta sake juyowa, wannan karon har Cinkassé. Can wani ɗan Nijar mai tara ƙarafa ya fito mata da biyar da aka tsallako da su daga Gana. Ta shinshina su ɗaya bayan ɗaya, babu ƙauri. Ɗaya ma har fentinsa bai goge ba. Ta ɗaura masa jan ƙyalle a ranta tana cewa wannan na Rahinatou ne.

A wani shinge kafin Kara, soja ya kwance buhunta, ya ga ƙarafa masu wayoyi, ya yi tsalle baya yana gyara bindiga.

"Ɗan nan," in ji Salamata, "bam ne zan ɗora a cinyata tun daga Cinkassé? Ka ga na yi kama da wadda ta gaji da duniya?"

Ta sa direba ya buɗe gaban mota, ta taɓa wayoyin a batir, dinamo ya yi ƙara ya juya. Soja ya yi dariya ya ce ta wuce. Ya juya kam. Wane gefe ya juya, ba wanda ya duba.

Da ta iso Sokodé saura kwana shida, kuma Garuba ya ce tafiyar da a da ake yi a wuni yanzu sai an ba ta kwana biyu. Kekuna bakwai na farko Mahama ya hau kowanne ya kai gindin mangwaro. Batir ɗaya ne tak a garajin, kowane gwaji sai an ɗaura shi, an kwance, an kai caji an jira wuta ta zo. Ranar lodi biyar na ƙarshe suna tsaye, fenti bai gama bushewa ba, Garuba yana ta danna oda.

Mahama ya ɗauko batir zai ɗaura.

"Me za ka yi?"

"Zan kai su mangwaro."

"Mangwaron nan gadon ubanka ne? Ba ka gwada su a kan tebur ba?"

"Na gwada."

"Sun juya?"

"Sun juya, amma..."

"To a ɗora! Bakwai sun yi, biyar za su ƙi ne? Rumfar ƙanwata za ta tafi kana nan kana yawo kamar ango."

Mahama ya dube ta, ya ajiye batir. A shekara goma sha ɗaya da suka yi suna maƙwabtaka bai taɓa cin ta a gardama ba. Aka ɗora. Ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya hau gaba tare da ita.

Shinge goma sha huɗu suka wuce. Taya ta fashe musu kusa da Kanté, suka kwana a Mango. Sai ranar arba'in da hantsi ya ɗaga sosai suka shiga Dapaong. 'Yan ƙungiya suna jere a ƙofar gidan su Rahinatou, kowa da batirinsa a gaba, unguwa ta cika.

Aka sauke mai jan ƙyalle, aka ɗaura batir, aka ɗora Rahinatou. Ta sa sabon kallabi. Ta yi bisimilla, ta riƙe kan keken da hagu, ta danna makunni.

Keken ya yi baya. Ya tafi da ita sumul har ya daki tayar kamiyon Garuba.

Sai wata tsohuwa ta ce, "Ikon Allah, Sokodé yake son komawa."

"Sauya wayoyin batir!" in ji Salamata. Garuba ya sauya, jar waya ta koma wurin baƙa. Rahinatou ta danna. Baya dai.

Mahama ya tsuguna, bai ɗaga murya ba. "Irin wannan ko ka juya batir sau ɗari gefensa ɗaya ne. Na Gana ne, injinsu ba gefen namu yake juyawa ba. Sai an kwance shi, an buɗe cikinsa, an sauya wayoyi biyu an liƙe da darma."

"Awa nawa?"

"In an hura mini gawayi yanzu, la'asar."

"A ba ta ɗaya cikin bakwai ɗin mana," in ji Garuba.

Ba ya yiwuwa. Duk sauran makunninsu da birkinsu a dama suke. Nata kaɗai aka yi wa a hagu saboda kafaɗar, kuma walda ce.

Salamata ta zauna a kan dakali. Ta dubi hannuwanta. Mako biyar tana ɗaukar ƙarfe a ka, ta zagi malaman makaranta, ta tsawata wa soja, sannan da bakinta ta hana tafiyar da ba ta kai minti goma ba. Kuma da hannunta ta zaɓar wa ƙanwarta wannan ɗin.

"Laifina ne," ta ce da ƙarfi, don kowa ya ji. "Mutumin nan ya ce zai gwada, ni na hana shi. Kada wanda ya zage shi."

Rahinatou tana can manne da tayar mota, kallabi ya karkace. Ta ce, "Yaya, Magajiya cewa ta yi in zo da kaina. Ta ce da gaba?"

"Ke, kar ki maida ni mahaukaciya."

"Shekara huɗu ina ja da gindi kafin Baba ya samo mini keke, wace irin tafiya ce ban yi ba? Matsalar ɗaya ce, wuyana ba ya juyawa saboda kafaɗar nan. Ba na ganin inda zan sa."

Salamata ta miƙe. Idonta ya bi kamiyon Garuba daga gaba zuwa baya yadda take kallon kowace mota, ba mota take gani ba, kaya take gani. Ta zaro sifana daga ƙugunta.

"Maman Nourou, me za ki yi wa motata?"

"Riƙe mini nan."

"Madubina ne fa! Da me zan koma Sokodé?"

"Ka leƙa ta taga, wuyanka lafiya lau yake."

Mahama ya ɗaure madubin a kan keken da wayar tagulla, ya karkata shi har Rahinatou ta ce ta ga hanya. Ya nuna mata cewa in tana son dama ta karya hagu. Ta gwada a tsakar unguwa, ta ture tukunyar wata mai koko, ta sake gwadawa, ta wuce tsakanin turmi biyu ba ta taɓa ko ɗaya ba.

Daga gidan zuwa kasuwa ya fi kilomita. Salamata ta shiga gaba tana kore awaki da masu moto, tana ihu, "A ba da hanya! Ba ta ganinku sai a madubi!" Ba ta taɓa keken ba ko sau ɗaya, ta kuma hana kowa taɓawa, don kada a ce an tura. Bakwai da kekunansu ke tafiya daidai suka biyo a jere, fuskarsu na kallon ta Rahinatou, suna yi mata tsiya.

"Hajiya, sai ina? Zuwa kike yi ko dawowa?"

"Ku dai ku biyo uwarku a hankali!"

Jandarman bakin kasuwa ya ɗaga hannu zai tsayar da su, ya rasa laifin da zai ambata, ya sauke.

Magajiya Zénabou tana tsaye a bakin rumfar, kusa da ita wata mata mai suna Awa, cikin waɗanda suka gudo daga Lomé, da kwanon sabulu a ka da yaro a baya. Ladan bai kira ba tukuna. Rahinatou ta shigo layin da baya, ta karya kan keken, ta tsaya daidai inda ta saba tsayawa shekara goma sha tara. Da yake da baya ta shiga, fuskarta na kallon masu saye, ba sai an juya ta ba.

"Magajiya, barka da rana. Na zo."

Magajiya ta zagaya keken, ta leƙa madubin, ta ga fuskarta. "Wa ya turo ki?"

"Tambayi gari."

"Gobe ma haka za ki zo?"

"Gobe da gaba, in Allah ya yarda. In bai yarda ba, da baya."

Magajiya ta yi dariya har ta dafa ginshiƙi. Ta ce rumfa ta mai ita ce. Awa ta gyara goyonta ta juya, hawaye na zuba. Rahinatou ta hango ta a madubi.

"Ke mai sabulu! Keken nan ya ci rabin rumfa, amma gefen nan babu kowa. Sauke kwanonki. Ni ma ina son mai miƙo mini abin da ke sama."

Shekara goma sha ɗaya suka yi tare a rumfar nan.

Mahama ya kwana uku a Dapaong yana buɗe dinamo biyar ɗin. Da ya gama kowanne ya hau, ya naɗe ƙafafu, ya nemi wata bishiya a ƙarshen layi ya je ya dawo. Salamata tana zaune tana hura masa gawayi. Daga ranar, duk abin da aka haɗa a garajin nan, ita ce mai tambaya ko an kai shi mangwaro.

Ta ci gaba da sayar da ƙarafa har idonta ya yi rauni, hancin dai bai taɓa yi ba. Guragun Dapaong, da 'ya'yansu da suka yi karatu da abin da kekunan nan suka kai kasuwa, in sun biyo ta Sokodé sukan tsaya a bayan tasha su sauke mata doya ko zabi, ta karɓa tana faɗa wai sun tare mata ƙofar rumfa. Allah ya saka mata da alheri.

Garuba ya yi ta aike a maido masa da madubinsa. Rahinatou ta ce ya zo ya kwance da kansa in ya isa. Bai zo ba.